Idon Namadi

Rahina ta ɗaga ɗan littafin alamomin hanya, ta ja da baya har bakin rijiya. "To wannan fa, Baban Nazifa?"

Mijinta Namadi ya ƙanƙance ido daga bisa turmin da yake zaune. "Kwana ce mai kaifi."

Hoton yara biyu ne riƙe da hannun juna, alamar makaranta, ɓaro-ɓaro da rana tsaka.

Sati biyu ke nan tana yi masa bita, tun da aka ce duk ɗan kabu-kabun da bai da lasisi a Kaura ya jingine babur. Kullum tiryan-tiryan yake amsawa, har tana yi masa tsiya wai ya zama farfesa. Ashe jerin shafukan ya haddace! Yau da ta tsallake biyu, sai ga shi.

Ta matso taku uku, ta buɗe wani shafin. Ya ƙura ido, ya kasa gane alamar.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Tun damina. Kamar hayaƙin murhu nike gani."

"Innalillahi! Kuma kake ɗaukar mutane? Ai an ce sai sun duba ido kafin jarrabawar. Don Allah ka je asibiti."

"In likita ya ce in aje babur, mi za mu ci, Rahina? Gonarmu ta Sakajiki shekara uku ba mai iya leƙa ta saboda 'yan bindiga."

Tsoro ya kama ta, kuma ita kanta ba ta san wanne ta fi tsoro ba, ya faɗi jarrabawar ko ya ci.

* * *

Ranar jarrabawa tun kafin azahar ya dawo, yana kaɗa takardar lasisi.

"Sun duba idon?"

"Wani bawan Allah ya tare ni bakin ƙofa, ya ce don mi zan wahal da kaina. Hoto kawai aka ɗauka, ko alƙalami ban riƙe ba."

Ta so ta ce barka, bakinta ya ƙi.

* * *

Da safe maƙwabciyarsu Amina ta turo 'ya'yanta uku cikin kayan makaranta, ta leƙo ta katanga. "Yanzu hankalina ya kwanta, Rahina. Tunda mai lasisi ne, shi zai riƙa kai min su."

Rahina ta buɗe baki. Ta dubi Namadi, ya sunkuyar da kai yana goge madubin babur. Ta rufe bakin.

Aka jera yaran ukun a baya. Ya ɗaga 'yarsu Nazifa, mai shekara shida, ya ɗora ta bisa tanki. Kafin ya buga babur ɗin ya duƙa daidai kunnenta, amma Rahina ta ji daga bakin zaure.

"Ɗiyata, ki buɗe ido da kyau. Duk abin da kika gani a gabanmu, ki faɗa mani da ƙarfi."