Kamfanin Ƙarƙashin Bene

Sau uku Malama ta wuce ƙofar kafin ta yarda nan ne. A takardar hannunta an rubuta kamfanin injiniyoyi mai rassa huɗu, inda ɗalibanta talatin da biyu ke koyon makamar aiki. Abin da ke gabanta kuwa shago ne a ƙarƙashin matakalar bene, da injin hoton takardu guda, da fankar da ba ta juyawa sai an mare ta.

Ita ta tsara shirin nan tun daga tushe. Shekara biyu tana yawon taro da majigi, tana bayanin yadda jami'a da masana'antu za su zama tsintsiya ɗaya.

Mai shagon ya kaɗe mata kujera da hularsa. Da ta tambayi inda ɗaliban suke, ya ce ai wurin ba zai ɗauke su ba, shi ya sa ya sauƙaƙa: kowa ya zauna gida, ƙarshen mako ya kawo littafin rahotonsa a buga hatimi. Ya jawo kwali, ga littattafan a jere. Ta buɗe na sama. Wata ɗaliba ta rubuta cewa makon jiya ta duba ginshiƙan gada.

"Wace gada?"

"Ranki ya daɗe, ban tambaya ba. Yarinya ce mai kunya."

Malama ta miƙe. Ta ce za ta soke sunansa, kuma wanda ya cusa shi cikin jerin kamfanoni sai ya yi bayani gaban kwamiti. Mutumin bai yi musu ba. Ya buɗe aljihun tebur, ya zaro wasiƙa a leda. Sa hannunta ne, har da godiya ta musamman.

Sai ta tuna makon da shugaban jami'a ya ce lallai kamfanoni su cika ɗari, alhali sittin gare ta. Sakatarenta na kawo sunaye, ita tana rattaba hannu.

In ta soke shi, yara talatin da biyu sun maimaita shekara, jibi kuma za ta gabatar da rahoton nasara. Ta koma ta zauna, ta nemi biro.

Tana kan littafi na goma ya yi gyaran murya, ya ce maƙwabcinsa mai cajin waya ma yana sha'awar shiga shirin.

Biron ya tsaya. Akwai ɗalibai sha tara da har yau ba a samar wa wuri ba.

"Yana da hatimi?"