Rumbun Sa-ido

"Ka rage shi, na ce!" Dogo ya buga tebur. "Wannan uban fili da ka yanka a ƙwaƙwalwar na'ura, gona za ka yi?"

"Ƙarami ba ya riƙe komai," na ce. "Kafin in duba ya cika, sabon bayani ya take tsoho."

"To tsinto guntu-guntu ka haɗa."

"Mai sa-idon da na ɗora wa na'urar ba ya rubutu a guntaye. Fili ɗaya yake so, a jere. Kuma sai lokacin kunnawa ake samunsa, kafin sauran ayyuka su yayyanka wurin."

Dogo mijin yayata ne, shi ya samo mini aikin nan a ofishin da yake aiki. Babbar na'urar ofishinmu kullum da rana sai ta yi nauyi, ma'aikata su zauna suna kallon allo. Oga ya ce ni ke kula da ita. In mako ya ƙare ban gano dalili ba, in ajiye makulli. Shi ya sa na keɓe rumbu a cikin uwar manhajar da ke tafiyar da na'urar, inda za a riƙa zuba duk motsin da injin ya yi. In wani na ɗora mata aikin da ba namu ba, a nan zai fito.

Amma duk ran da na faɗaɗa rumbun, washegari in tarar an tsuke shi. Mu biyu ke da kalmar sirri, ni da Dogo.

"Ƙanina, tattali nake yi," ya ce. "Ka cika zargi."

Bai kalle ni ba.

Da safe na riga shi zuwa. Ɗakin na'urori sanyi ƙalau, fankoki na gurnani. Na kashe na'urar, na kunna, na kama filina babba, na sauya masa suna don kada Dogo ya gano shi. Ban gaya wa kowa ba sai Yaya, da ta kira tana faɗan na fita ban karya ba.

Rana ta take. Na'ura na gudu kamar sabuwa. Rumbu ya cika da aikin ofis zalla, kamar mai ɗora mata wancan aikin ya san an ɗana masa tarko. Dogo na kujerarsa, hannu harɗe, ko madannai bai taɓa ba.

"Ka ga ta warke," ya ce. "Ashe tsoronka take ji."

Oga ya leƙo. "Dalilin fa?"

"Tukuna, ranka ya daɗe."

"Gobe mako ya ƙare."

Da yamma na biya gidansu. Dogo na jijjiga jaririnsu, Yaya na ninke wanki. Ta ce in zauna. Ban zauna ba.

"Yaya, da muka gama waya da safe, wa kika kira?"