Kwana Goma Sha Ɗaya a Ƙafa

Ni Lawal ban taɓa zama a aji ba, amma duk Bahaushen da ke unguwar Cheras, a nan ƙasar waje, ya san ni ne mutumin da ya yi kwana goma sha ɗaya a ƙafa, da harsashi a cinya, ranar da aka ƙone garinmu. Wata biyu da zuwana wajen ɗana Tajuddeen, ba wanda ban ba wa labarin ba, har mai shayin unguwar da ba ya jin Hausa.

Shi kuwa Tajuddeen shekara biyar ya yi yana karatu a kan kalma ɗaya tak ta Ibrananci, harshen Attaura. Wai halak, wai "tafiya". Na ce masa, kai da ko kanti ba ka zuwa sai a mota, me ka sani a tafiya?

Ranar Juma'a da aka kawo littafin digirinsa na dakta, abokansa suka cika falo. Matarsa Khaulah ta yi tuwo. Ina tsakiyar labarina, na kai kwana na shida, sai abokinsa Zahraddeen ya ɗaga littafin.

"Baba, ai kana ciki! Shafin farko ma. Bari in fassara maka."

Na gyara zama. Ya karanta: "Ga mahaifiyata Mero, Allah ya jiƙanta, wadda ta tura mahaifina a baro kwana uku bayan ƙafarsa ta gaza."

Wani ya ajiye cokali.

"Baro?" na ce. "Ni? Kamar buhun albasa?"

"Baba," in ji Tajuddeen, "a harshen nan, wanda ya tafi da wanda aka tafi da shi duk daga tushe ɗaya..."

"Rufe min baki da tushenka! Kana wurin? Kana makaranta kana cin shinkafa lokacin da nake shan ruwan kududdufi! Ka tara min 'ya'yan mutane ka tuɓe min riga a ƙasar da ba tawa ba. Yage shafin nan!"

"Ba zan yage ba, Baba. Ita ta faɗa min da bakinta a asibiti. Shekara goma kana ba da labarin nan, ko sau ɗaya ban ji sunanta ba."

Khaulah ta durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri, tuwonka zai huce."

Na miƙe, na fizge littafin daga hannun Zahraddeen. Nauyi kamar bulo. Na kama shafin zan yage, ban ma san ko shi ne ba, duk baƙaƙen iri ɗaya ne a idona. Yaran nan duk sun sunkuyar da kai, ba mai kallona, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Na jefa masa littafin a cinya.

"Dakta na banza! Shekara biyar, ko ƙirga ba ka iya ba. Kwana huɗu ne. Ran na huɗun tayar baron ta fashe, a bayanta ta goya ni har bakin titi. Ba ta faɗa maka ba don kada in ji kunya. Ɗauko biro ka gyara yanzu, ina tsaye."