Turaren Kabewa

Tomoe Kuramoto ta kunna tsinken turaren, ta kaɗa hannu harshen wutar ya mutu, ta jira hayaƙin ya miƙe. Shaƙa ɗaya ta yi ta kau da kai. Aikin ya yi kyau, kuma abin da ya ɓata mata rai ke nan. Kabewa ce sak: ƙarnin hanjinta mai yauƙi, zaƙin nan mai maƙalewa a maƙogwaro, da ɗan ƙaurin gindin tukunya. Sati uku ta yi tana busarwa, tana niƙawa, tana kwaɓawa, har matan da ke jera tsinke a faranti suka daina cin abinci a ɓangarenta.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haɗa ƙamshi a wannan ƙaramar masana'antar turaren wuta ta tsibirin Awaji. Tsoho Sakichi, mai masana'antar, shi ya koya mata aikin. Yau kwanansa arba'in da tara da rasuwa, ranar da za a yi masa babbar addu'a. A tsibirin kowa ya san mamaci a waɗannan kwanaki ba ya cin komai sai ƙamshi, shi ya sa ba a barin turare ya mutu a gaban hotonsa. Ɗansa Noriyuki, wanda ya gaji kujerar, ya ce abincin bankwana ya kamata ya zama wanda Baba ya fi so. Ai kullum akwai dafaffiyar kabewa a kwanon abincinsa na rana, kullum kuma kwanon yana komawa gida a suɗe.

Tomoe ta san inda kabewar take zuwa. Sakichi ya tashi a shekarun yunwa na bayan yaƙi, lokacin da aka ci kabewa safe da yamma, har ganyenta da igiyarta. Ya taɓa gaya mata ko launinta ya gani sai zuciyarsa ta tashi. Amma a makon farko na aurensa ya yabi girkin amarya don kunya, yabon ya bi shi har kabari. Tun ranar da Tomoe ta kama aiki, ƙarfe goma sha biyu na yi zai turo mata yanka uku a murfin kwano, bai ko kalle ta ba. Ita ma ta tsani abin tun shekara ta biyu. Ba a ce wa maigida a'a.

Ta murje tsinken a toka, ta ɗauko wani kwali daga aljihun tebur. Wannan ta haɗa shi ne a ɓoye: itacen sandal, kirfa, kanumfari kaɗan, irin ƙamshin da Turawa ke sayarwa da sunan kabewa alhali ko ɓawonta babu a ciki. Da Noriyuki ya shigo cikin baƙaƙen kaya yana duba agogo, shi ta kunna masa. Ya lumshe ido, ya ce wallahi kamar yana kicin ɗin mamarsa. Tomoe ba ta yi mamaki ba. Yaron da ya karanta kasuwanci a Osaka, ko takalminsa aka ƙona zai ce ya yi.

Ya ce ta taho da duk abin da ta gwada, Mama tana son gani. Ya kwashe kwalayen biyu da kansa kafin ta buɗe baki.

A gidan, an shimfiɗa matasan zama, malamin addu'a bai iso ba tukuna. Fusae, matar marigayin, tana durƙushe gaban hoton, 'yar ƙaramar tsohuwa mai shekara tamanin da uku. Noriyuki ya miƙa mata kwalin da ya zaɓa, ya fita tarar baƙi. Ba ta ko kunna ba. Ta kai tsinke ɗaya hanci, ta mayar.

"Tomoe, ni za ki yi wa wayo? Shekara hamsin da takwas ina wanke rigar mai turare."

Tomoe ta sunkuyar da kai, ta ce wancan ɗin bai yi daɗi ba ne, Uwargida, bai dace da taron mutane ba. Tsohuwar ta buɗe ɗaya kwalin, ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ce to ga kabewa. Ta tambaya ko sugan Tomoe ya sauka. Tomoe ta ce da sauƙi, tana mamakin abin da ya kawo zancen.

"Shekarar da likita ya ce kina da ciwon suga, ba ki ji na rage zaƙi ba?"

Tomoe ta tuna. Shekara tara da suka wuce, kabewar ta koma salam rana ɗaya. Har ta zaci tsufa ne ya taɓa harshen mai girkin.

Fusae ta yi bayanin ba tare da ta ɗaga murya ba, kamar mai lissafa kayan miya. Tun kafin zuwan Tomoe ta san mijinta ba ya cin kabewar. Da can karen maƙwabta yake ba wa, har karen ya mutu. Mutumin da ke cin kabewa kullum, ba ya ƙin kallonta a kasuwa. Jira take yi ya faɗa da bakinsa, sau ɗaya tak, ta daina. Ya yi shiru, ita ma ta yi shiru, ta ci gaba da fere kabewa kowace safiya har yatsunta suka kanannaɗe. Ta ce ita kanta ba ta taɓa sa ta a bakinta ba tun tana yarinya.

"Uwargida, abincinsa na ƙarshe ne," in ji Tomoe. "A bar shi ya tafi da sandal."

"Sandal ya sha kwana arba'in da takwas. Yau ya ɗanɗani girkina. Ke kika haɗa, ke za ki kunna."

Baƙi sun fara shigowa suna gaisuwa ƙasa-ƙasa. Malamin ya zauna, ya buga 'yar ƙararrawa. Tomoe ta matsa gaban hoton a kan gwiwoyinta, ta kunna tsinken kabewar, ta kafa shi a toka. Warin ya bazu a ɗakin. Wata ƙanwar marigayin ta laluba jaka tana neman hankici. Noriyuki ya share hawaye, ya raɗa wa na kusa da shi cewa ƙamshin Baba ke nan.

Hayaƙin ya miƙe zuwa hoton, inda Sakichi ke kallon gefe kamar yadda ya saba da tsakar rana. Ya kamata Tomoe ta rusuna ta koma wurinta. Sai ta haɗa tafuka, ta sunkuya fiye da yadda ladabi ya buƙata, har fuskarta ta tare hayaƙin. Ta ja shi cikin ƙirjinta, ta sake ja.

A bayanta, Fusae ta ce a hankali, "Matsa, 'yar nan. Kin ci naki."