Fitilu Uku da 'Yan Tsakin Juwairiyya

Ƙarfe shida na safiyar Talata, ruwa yana ta zuba tun asuba, irin mai sanyin nan da ba ya da niyyar ɗaukewa. Ina tsugune a ɗakin baya na gidanmu a Zandam, ina kallon 'yan tsaki hamsin sun cure waje guda suna kuka.

Na matata ne, Juwairiyya. Akuyarta ta sayar ta sayo su, kwana biyu kafin naƙuda ta zo mata da gardama a kai ta asibitin Birnin Kudu. Yau dole in je, an ce a kawo wanda zai ba da jini. 'Yan tsakin kuwa kwanansu biyar, in babu ɗumi ba za su kai dare ba.

Jiya na yi gwaji. Na jera fitilu uku, tawa sabuwa, da wadda na aro wajen Hadi mai shayi, da tsohuwar marigayi Baba mai fasasshen ƙwai. Na cika su fal da kananzir bayan sallar asuba, na kunna. Tawa ta mutu da la'asar. Ta Hadi ta kai magariba tana hayaƙi. Ta Baba kuwa har na dawo daga isha'i tana ci.

Ita na cika yau. Ganin sanyin, na ɗaga lagwani sosai, na ja ƙofa na tokare da dutse. Ban roƙi Inna A'i maƙwabciyarmu ta duba min su ba. Tun da kajinmu suka cinye mata shanyar gero, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa.

Da azahar aka gama ɗibar jinin. Na samu Juwairiyya kwance, leɓɓanta sun bushe, jaririn yana gefenta.

"Ka bar min 'ya'yana da wa?" ta ce.

"Da fitilar Baba. Na gwada, har isha'i take kaiwa."

"Ka ɗaga lagwanin?"

"Sosai ma."

Ta dube ni. "Ranar gwajin ma haka ka ɗaga shi?"

Ranar gwajin ƙasa-ƙasa na bar su duka, don ina jin tausayin kananzir.

"Kai, Manu," ta ce a hankali. "Wuta babba ai ta fi shan mai." Ta juya fuskarta bango. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Na fito tasha da gudu, kaina yana juyawa. Babu motar Gwaram sai guda ɗaya, direban ya ce ba zai tashi ba sai ta cika. Na zauna ina jin kiran la'asar, ina ganin fitilar a raina tana lumshewa. Daga Gwaram ɗan acaɓa ya ɗauke ni, sau biyu muna sauka muna tura babur cikin laka.

Ana kiran magariba na iso. Dutsen ba ya inda na bar shi. Na tura ƙofar, ɗakin duhu, na lalubi fitilar, ta yi sanyi ƙalau. Amma ɗakin da ɗumi. Na haska waya. A tsakiya ga kasko cike da garwashi an lulluɓe da toka, an kewaye shi da duwatsu don kada 'yan tsakin su faɗa ciki. 'Yan tsakin suna kwance kewaye da shi. Na ƙirga sau biyu. Huɗu sun mutu a lungu, sauran suna motsi.

Na san kaskon, bakinsa a gutsure yake. Na fita na tsaya jikin dangar da ta raba mu, na yi sallama.

"Kukansu ne ya hana ni barcin rana," in ji Inna A'i daga ɗaki, tun kafin in yi mata godiya. "Da safe ka dawo min da kaskona." Ta ja ƙyauren ɗakinta.