A Sake

"Faɗi, Malam! Faɗi zunubin da ka ɓoye, Ubangiji ya kwance maka harshe!"

Dattijon ikilisiya, babba a cocinsu, ya danna tafin hannunsa a goshin Malam, gumi na ɗiga daga haɓarsa bisa zanin gado. Malam ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa. So yake ya ce wa mutumin nan ya ɗage hannu, kansa na sara, kuma hawan jini ne ya kayar da shi, likita ma ya faɗa. Ya buɗe karkataccen bakinsa.

"A sake."

Dattijo ya waiwayi matar Malam, fuska cike da murna. "Kin ji ko, Mama? Cewa ya yi a sake addu'ar." Ya gyara tsayuwa, ya ɗauko ta tun daga farko.

Tun ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganar nan kaɗai ta rage a bakin Malam. Ruwa yake so, a sake. Fitsari ya matse shi, a sake. Abin dariya, abin kuka, domin da ita ya ci zamaninsa. Shi ne shugaban mawaƙan coci tun matarsa na amarya, kuma ba a taɓa kai waƙa ƙarshe a gabansa ba tare da ya buga sandarsa a benci ya daka tsawa ba: "A sake!" Har Malam A-Sake ake kiransa a bayan idonsa. Ya sani, kuma a ransa daɗi yake ji.

Da Dattijo ya gama, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya rage murya, kamar wanda ya shanye kurma ne.

"Mama, kada ki kawo shi sujada a haka. Baƙi su gan shi yana dalalar da miyau, su ce ina bangaskiyarmu? Ki bari ya warke sarai, sai ya zo da ƙafarsa ya ba da shaida."

"To, Baba," in ji ta. Ta dawo ta saki labule.

Malam bai ji haushi ba, sai ma wani sanyi da ya ji a ransa. Shi da farar rigarsa ba ta taɓa sanin ƙura ba, a ce yaran da ya koya wa buɗe baki su gan shi ana goge masa haɓa? Gara labulen. Ai ba a kansa aka fara ba. A gidan Dattijon ma akwai wata taga da ba a taɓa buɗewa, bayanta 'yarsa ce mai farfaɗiya, kowa ya sani, ba mai tambaya. Malam kansa ya sha wucewa ta wurin da sandarsa a hammata, bai taɓa ko waiwaye ba.

* * *

Masu zuwa gaisuwa suka yi ta raguwa har suka ɗauke ƙafa. Ran Lahadi iska kan kawo masa muryar mawaƙansa daga nesa, ya ji sun ja inda ya kamata su yanke, ya damƙe zanin gado da hannun hagu. A cikin zuciyarsa maganarsa garau take, da ita yake kai ƙara. "Ya Ubangiji, ni da na yi maka hidima haka? Wa ya gyara maka waƙa kamar ni?" Shiru. Matarsa ta ɗaga shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki, ta rame har zobenta na zamewa, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Wata safiya sai ga ƙarar amalanke a tsakar gida. Mai Gawayi ce, wata gwauruwa mai faɗin kafaɗa da ke kawo musu buhu. Malam ya san ta sarai. Ta taɓa shiga mawaƙa, ya ce mata a gaban kowa muryarta ta fi dacewa da kiran masu saye, ya tura ta bencin baya kusa da ƙofa. Can take zama har yau.

Tana sauke buhu tana waƙa, kuma waƙarsa ce, wadda ya tsara da hannunsa lokacin yana ganiyarsa. Kai, ta kashe ta murus! Inda za a hau ta gangara, inda za a sauka ta haye. Jijiyar wuyan Malam ta miƙe.

"A sake!"

Waƙar ta yanke. Sai Mai Gawayi ta dubi matar Malam ta fashe da dariya. "Yaya, ashe Malam na nan da halinsa! To ranka ya daɗe, an sake."

Ta matso gindin taga ta sake, ta fi na farko ɓatawa. Da ta iso wurin da take karya waƙar, Malam bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba:

"Ni tukunya ce mai tsaga, ya Yesu, duk da haka zuba ruwanka."

Kalma bayan kalma, ba wadda ta faɗi. Kwano ya suɓuce daga hannun matarsa. Ta shigo da gudu ta durƙusa a gaban gado. "Malam, ka yi magana! Kira sunana!" Ya yi ƙoƙari har idonsa ya kawo ruwa, abin da ya fito dai shi ne a sake. Magana ba ta dawo ba. Amma da Mai Gawayi ta ɗauko waƙa, sai harshensa ya bi ta tiryan-tiryan.

Yau ne kuma ya fara jin abin da ya rubuta. Da can baitin daɗin hawa kawai yake masa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta da alaƙa da miyau.

Mai Gawayi ta leƙo ta taga, fuska duk baƙi. "Yaya, mutumin da ke waƙa haka me yake yi a ɗaki ran Lahadi?"

"Baba Dattijo ya ce sai ya warke. Kuma da me zan kai shi?"

"Ga mota a tsakar gida," in ji ta, ta nuna amalanke.

* * *

Ran Lahadi Mai Gawayi ta wanke amalanken ta shimfiɗa tabarma, amma gawayi ba ya jin wanki. Suka sa wa Malam farar rigarsa, suka tallabo shi. A bakin ƙofa ya kama madogarar ƙofar da hannun hagu ya ƙi saki. Ya dubi titi, ya dubi amalanke. A cikin wannan za a ratsa unguwa da shi, kuma wadda ya kora ce za ta tura?

Matarsa ba ta ja shi ba. "Malam, in ka ce mu koma, mu koma. Amma ni na gaji da zuwa gaban Ubangiji ni kaɗai kamar wadda mijinta ya mutu."

A ransa ya ce, "Ya Yesu, ba ni da abin da zan kawo maka sai wannan." Ya saki ƙofar.

Mutane suka yi ta kallo, wasu suka kau da kai, mai shagon kusurwa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, barka da fitowa!" Kafin su isa, hannun rigar ya yi baƙi ƙirin.

Dattijo na tsaye a kan matakalar coci. Fuskarsa ta canza. "Haba Mama, ba mun yi da ke sai ya zo ba da shaida ba?"

Matar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba ta dube shi ido cikin ido. "Ai shaidar muka kawo, Baba. Ga ta nan a amalanke."

Ba su jira amsa ba. Su biyu suka ɗaga shi suka haye da shi, suka zaunar da shi a bencin baya kusa da ƙofa. Ashe daga nan ba a ko ganin mai ba da waƙa sosai. Bai taɓa sani ba.

Da mawaƙa suka miƙe, wani ya hango shi, raɗa ta zaga, sai suka ɗauko waƙar tukunya. Mai Gawayi ta shiga da muryarta ta kiran masu saye, Malam ya bi ta. Muryarsa ta dushe, tana ja, tana rawa, irin wadda da shi da kansa zai kora. Kawuna suka juyo. Mawaƙa suka yi ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har ya rage su biyu kaɗai a bencin baya, suka kai baitin ƙarshe a karkace. Matarsa ta sa hankici ta goge masa haɓa a gaban kowa, bai sunkuyar da kai ba.

Da waƙar ta ƙare, Malam ya dubi jama'a, ba sanda, ba tsawa, ya ce a hankali kamar mai roƙo:

"A sake."

Wata tsohuwa ta yi dariya tana kuka. Fasto ya sauko daga bagade ya tako har baya, jama'a suka miƙe suka juya wa gaba baya, aka sake. Ginin kamar zai tsage. Har aka gama idon Dattijo na ƙasa.

* * *

A hanyar komawa Malam na zaune a sake cikin amalanken, rana na dukan rigar da ta gama baƙi. Da suka zo daidai gidan Dattijo sai ya bubbuga gefen amalanke. Mai Gawayi ta tsaya, ta bi idonsa zuwa tagar nan, ta gane. Ta ja waƙa, ya bi ta, matarsa ta shiga, suka rera baitin har ƙarshe.

Tagar ba ta buɗe ba. Tsatsa ta riga ta ci sakatarta. Har Mai Gawayi ta kama hannun amalanke za su wuce, sai wata siririyar murya ta fito ta tsagar katako.

"Don Allah, a sake."