Kunnen Jitar Abdulrauf

Maigidana mai naɗin kwayil ne a Kura. Ba na faɗar sunansa da baki, amma tunda rubutu ne zan sa: Muhammadu Sani. Ni Malam nake ce masa. In injin casar shinkafa ya ƙone, ko janareta, ko fanka, wurinsa ake kawowa ya yanke tsohuwar waya ya naɗa sabuwa. Shagonsa a jikin zaurenmu yake, don haka duk wanda ya zo ina jin maganarsu daga tsakar gida.

Da ranin da ya rasu, ana cikin tsinkar tumatir, wani mutum ya zo a kan babur da wata doguwar jita a bayansa. Sunansa Abdulrauf, mutumin Dawakin Kudu ne, yana kiɗa a gidajen biki a Kano, da ita yake ci da iyalinsa. Ya ce irin wannan jitar bes ake ce mata, ita ce mai babbar murya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wani baƙin abu kamar guntun sabulu, shi ne ya mutu. Ya zaga Kano bai sami irinsa ba, aka ce ya gwada Malam.

Da Malam ya shigo cin abinci ya nuna mini abin. Ya ce mayen ƙarfe ne a ciki, an naɗe shi da waya. In tsirkiya ta motsa shi yake ji ya kai wa lasifika. Abdulrauf yana ce masa fikof, Malam kuwa kunne yake ce masa, ni ma haka na riƙe.

Abdulrauf ba gyara kawai yake so ba. Ya ce tunda za a sake naɗi, a yi masa murya mai kauri fiye da ta da, wadda mutum zai ji a ƙirjinsa. Malam ya ce sai an ƙara yawan naɗin ke nan, ya kuma yi masa alkawari zai samu kafin bukukuwan da ake yi gab da azumi. A gabansa ya yanke tsohuwar wayar ya zubar.

Sabuwar wayar babu ita a nan. Wani direba da yake kai tumatir Legas shi ya taho da ita a ɗan kwarkwaro guda. Ban taɓa ganin waya haka ba, ta fi gashin jariri siriri, sai ka karkata ta wajen rana kake ganinta. Malam ya ɗora a injinsa na shago, injin ya fisge ta ta tsinke, ya kwance ya zubar. Da ya sake, haka ta sake yi. Sai na ga ya shigo yana zagaya keken ɗinkina.

Na ce, "Malam, in riga ce ka faɗa."

Ya kira sunana ya ce, "Tambaya, ƙafarki nake son aro."

Ya ɗaure kunnen a jikin wilin keken. Ni ina takawa, shi yana riƙe da wayar a cikin ɗan ƙyalle mai laushi yana kai ta gefe yana dawo da ita. In na ɗan yi sauri ya ce, "A hankali, ba kayan sallah ba ne." In na rage ya ce, "To, yanzu kuma gyangyaɗi kike." Da safe muke yi kafin masu injina su fara sallama. Ya nuna mini da farcensa inda naɗin zai tsaya, dab da baki. Ba mu kai rabi ba ya je duba wani inji a Bunkure, ya dawo yana cewa kansa yana ciwo. Kafin a kai shi asibiti bakinsa ya karkace. Washegari ya rasu, aka kai shi makwancinsa.

A wurin jana'iza wansa, Yaya Maharazu, mai makarantar Islamiyya a unguwarmu, ya yi sanarwa duk mai kaya a hannun mamaci ya zo. Suka yi ta zuwa. Abin da aka gama aka ba masu shi, wanda ba a gama ba wani abokin sana'arsa, Mudassiru, ya kwashe ya ƙarasa. Da aka nuna masa kunnen a jikin kekena sai ya ja da baya ya ce, "Wannan ko numfashi na yi a kanta tsinkewa za ta yi. Ku nemi mai ita."

Mai ita kuwa ba mu da lambarsa. Tana cikin wayar salular Malam, wayar a kulle, babu wanda ya san yadda ake buɗe ta. Jitar tana jingine a shago da rami a cikinta.

Yaya Maharazu ya zo ya tsaya a bakin ƙofata, ina ciki ina takaba. Ya ce, "Ni tun yana raye na ce masa ya bar kayan makaɗa. Amma amana ce, kuma amana tana wuyansa har sai ta koma hannun mai ita. In ya zo mu ba shi kayansa, mu roƙe shi ya yafe."

Na ce, "Yaya, ba yadda ya kawo za mu mayar ba. An yanke tsohuwar."

"Zai yafe. Wa zai shigo gidan rasuwa ya ce bai yafe ba?"

Na ce, "Shi ne abin da nake tsoro."

Ya ce Allah ya san niyya, ya tafi. Amma maganar wuyan nan ta zauna mini. In na idar da salla ina yi masa addu'a sai in ga kunnen a jikin keke da wayarsa tana lilo. Mutum zai ce na yafe don kunya, ya hau babur yana tunanin bikin da ya rasa da 'ya'yansa, zuciyarsa ba ta yafe ba. Wannan yafiyar tana isa kabari? Babu wanda ya iya gaya mini. Abinci ya daina shiga. Ƙanwata Ummul-Khairi, wadda ta zo zama da ni, ta ce in na ci gaba haka ita za ta yi wa mutane bayanin gawa biyu.

Wata safiya na zauna a kan keken. Ummu ta ce, "Yaya, me kike yi?"

Na ce, "Ƙafar ai tawa ce tun farko. Hannun ne kawai babu."

Hannuna duk kaushi ne saboda turara shinkafa. Na goge su da dutse, na ɗauki ƙyallen Malam, na yi bisimilla. Takawa da riƙewa a lokaci guda ba wasa ba ne. Idona yana ruwa, ba na ganin wayar sosai, jin ta nake tana wucewa a tsakanin yatsuna. In akuya ta yi kuka sai gabana ya faɗi. Na hana Ummu shara a ɗakin, na hana ta ɗaga labule da ƙarfi. Kullum ina yin kaɗan in tsaya, in duba kwarkwaron in ga nawa ya rage, in tambayi Ummu ko an fara maganar ganin wata.

Rannan wasu mata daga Madobi suka rangaɗa sallama, sun zo gaisuwa. Na zabura, ƙafata ta danna, na ji wayar ta saki a hannuna. Haka na zauna ina amsa ya haƙuri, ya haƙuri, hankalina yana kan keke. Da suka tafi na durƙusa ina neman bakin wayar har na same shi. In na kwance na zubar kamar yadda Malam ya yi, abin da ya rage ba lallai ya isa ba. Ni kuwa tun ina yarinya na iya ƙulla zare. Na haɗa bakin biyu na yi ɗan ƙulli, ƙarami ƙwarai, na ja a hankali bai kwance ba. Ummu ta duba ta duba ba ta gan shi ba. Ta ce, "Ko Malam ɗin albarka." Na ci gaba da naɗi a kansa har na kai inda ya nuna da farce. Ranar na ci tuwo.

Abdulrauf ya zo ana saura 'yan kwanaki a fara bukukuwan. Na ji shi a zaure yana cewa, "Ina oga? Ko ya gudu da jitata?" Aka kira Yaya Maharazu ya gaya masa. Abdulrauf ya yi addu'a, ya ce, "Ku ba ni ita haka nan, ba komai, na yafe."

Na sa hijabi na fito bakin zaure, Ummu a bayana. Na ce, "Malam Abdulrauf, an gama. Ka gwada."

Ya karɓa yana juya shi. "Shi ya gama?"

"Shi ya fara."

Ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Ya ɗora ƙarfen dalma na Malam a kan gawayi, ya liƙa wayoyi, ya mayar da kunnen cikin raminsa. Ya zo da wata ƙaramar lasifika mai batir, ya jona. Yaya Maharazu ya juya fuskarsa wajen titi yana jan carbi. Abdulrauf ya taɓa tsirkiya.

Babu abin da ya fito daga lasifikar. Sai ɗan ƙaran tsirkiyar kanta, kamar an taɓa igiyar shanya. Ya murɗa nan ya murɗa can, ya sake taɓawa. Ya ɗauko mitar Malam ta gwada wuta ya ɗora a bakin wayoyin, allurar ba ta motsa ba. Na dafa bango.

Ya ce, "Wataƙila lasifikata ce. Hajiya, kada ki damu, zan duba a gida. Na gode, na yafe masa duniya da lahira."

Na ce, "Mitar ma taka ce?"

Can ya ce, "Ta taɓa tsinkewa?"

"Sau ɗaya. Na ƙulla."

"Ƙulli?"

Ummu ta ce, "Ƙulli mai kyau kuwa, ko ka sa tabarau ba za ka gan shi ba."

Ya shafa fuskarsa, ban sani ba dariya ce ta zo masa ko kuka. Ya ce wayar nan tana da riga a jikinta, wani siririn fenti. In an ƙulla, riga ce take taɓa riga, wuta ba ta wucewa. Sai an kankare an liƙa da dalma. Ya ce duk abin da na naɗa bayan ƙullin sai an kwance, kuma in an kwance ba ya sake naɗuwa, cukurkuɗewa yake.

Na ce, "A kwance."

Yaya Maharazu ya ce, "Tambaya, mutumin nan ya ce ya yafe har sau biyu."

Na ce, "Na ji, Yaya. A kwance."

Aka fito da keken zaure. Abdulrauf yana kwancewa, wayar tana taruwa a ƙasa kamar gashin da aka taje, aikin safiyoyina duka. Ba ya ganin ƙullin, ni na ji shi da yatsa na ce ga shi. Ya kankare bakin da reza a hankali, ya haɗa da na kwarkwaro, ya ɗiga dalma, ya shafa fentin da Malam yake shafa wa kwayil. Muka jira ya bushe. Aka kira azahar suka je suka dawo.

Na hau keke. Ya ce ko shi zai riƙe wayar, na ce a'a, hannuna ya saba. Ina takawa ina satar kallon kwarkwaron, jan wayar yana raguwa, farin robar yana leƙowa. Ina cewa a raina ya Allah ka ƙara ko kaɗan. Ta ƙare naɗin bai kai inda Malam ya nuna ba. Da saura, ba kaɗan ba.

Abdulrauf ya ɗora mita, allurar ta tashi. Ya mayar da kunnen, ya jona, ya taɓa tsirkiyar da ta fi kauri. Wani gurnani ya fito har kwanon zauren ya amsa, kaji suka watse. Ummu ta riƙe hannuna. Ya ɗan yi kiɗa kaɗan, ya ga bayan Yaya Maharazu, ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin.

Na ce, "Ita ce muryar da ya yi maka alkawari?"

Ya ce, "Ta yi daɗi, Hajiya."

"Ba shi na tambaye ka ba. Don Allah kada ka ji kunyar gidan nan."

Ya sake taɓa tsirkiyar ya saurara har ƙaran ya mutu. Ya ce, "Ba ita ba ce. Ba ta kai kaurin da muka yi magana ba, ko ta da ma ta ɗan fi ta. Na so in ji waccan, gaskiya na daɗe ina son in ji ta. Amma wannan za ta yi mini biki, za ta ci da yarana. Abin da ya rage na bar masa."

Yaya Maharazu ya juyo ya ce, "Ka bar masa?"

"Na bar masa, Malam. Allah ya shaida."

Wannan karon na yarda. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado na yi kukan da ban samu na yi ba tun ranar da aka fita da shi. Ina ji Yaya Maharazu yana ce wa Abdulrauf ya nannaɗe abar nan a buhu kafin ya bi ta ƙofar makarantarsa.